RA'AYINMU: Jarrabawar Ɗa, Jarrabawar Gida

A kowace shekara, da zarar hunturu ya naɗe tabarmarsa, bazara ta kankama har rana ta fara dukan ƙeya tun da hantsi, akwai wani nauyi da yakan sauka a kan dubban gidaje a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukan da ke kewaye da su. Wannan nauyi kuwa shi ne na jarrabawar fita makarantar sakandare. Akan fara da ta neman shiga jami'a, watau JAMB, wajen watan Afrilu. Kafin a huta sai ta WAEC ta kawo kai a Mayu da Yuni. Ita kuma ba ta gama kwashe kayanta sai ta NECO ta sauka, ta ja har cikin tsakiyar damina. A cikin 'yan watannin nan ne ake auna karatun shekara 12, a kuma yanke wa yaro ɗan shekara 16 ko 17 hukuncin da zai bi shi shekaru masu yawa.

Mu da ke rubuta wannan shafi ba mu daɗe da fitowa daga wannan rami ba, ƙurarsa ma ba ta gama barin jikinmu ba. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu ajiye maganar ɗakunan kwana da kuɗin makaranta da muka saba yi, mu juya mu fuskanci gida, mu yi magana da iyayenmu. Muna yin haka cikin ladabi, mun kuma san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma akwai abin da sai wanda ya zauna a kan bencin jarrabawa, takarda a gabansa, zuciya na dukan uku-uku, shi ne zai iya ba da labarinsa. Abin da muka gani shi ne, a cikin abokan karatunmu da suka faɗi, da yawa ba a ɗakin jarrabawa suka faɗi ba, tun daga gida aka kayar da su, ba tare da mugun nufi ba.

Sau da yawa idan aka ɗauko wannan zance sai ka ji dattijo ya ce, "To, ni da ban yi boko ba, mi zan yi mishi? Na biya kuɗi, na sai mishi littafi, saura ya rage nashi." Haƙiƙa wanda ya biya kuɗi ya yi ƙoƙari, musamman a wannan zamani da kwanon masara yake neman gagarar talaka. Amma muna so mu tabbatar wa iyayenmu cewa mafi yawan abin da ɗalibi yake bukata a waɗannan makonni ba a makarantar boko ake koyonsa ba, wani ma ba ya cin ko kwabo.

Da farko ya kyautu kowane uba da kowace uwa su san mene ne ainihin abin da ɗansu yake fuskanta. Hukumar WAEC ta ƙasashen Afirka ta Yamma ce, an kafa ta tun 1952. Hukumar NECO ta Nijeriya ce kaɗai, an kafa ta a 1999, ta gudanar da jarrabawarta ta farko ta fita sakandare a 2000. Akwai kuma NABTEB ta makarantun fasaha da kasuwanci, da NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci. Ɗalibi yakan zana darussa 8 ko 9, kowane darasi kuma yana da takarda fiye da ɗaya: akwai ta zaɓen amsa, akwai ta dogon rubutu, masu kimiyya kuma suna da gwaji a ɗakin bincike. Sakamako yakan tashi daga A1 ya gangara zuwa F9, kuma daga A1 zuwa C6 su ake kira kiredit. Abin da jami'a take nema shi ne kiredit 5 a darussan da suka dace da fannin da yaro yake so, ciki har da Turanci, da Lissafi ga mafi yawan fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Ita kuwa JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa 4 ake yi, maki 400 ne jimlarsu, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake zana ta. Wanda ya riƙe wannan ɗan bayani ya isa ya zauna da ɗansa ya yi masa tambaya mai ma'ana.

Sa'an nan kuma dole mu tuna da irin hanyar da ƙannenmu na Zamfara suka biyo kafin su iso bakin wannan kogi. A 2020 annobar korona ta rufe makarantun ƙasar nan wata da watanni. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, aka sako 279 a farkon Maris. A ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka sake ɗibar ɗalibai fiye da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya, aka kuma katse layukan waya. A 2022 hukumar WAEC ta bayyana cewa Zamfara da Sakkwato ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati ba. Ban da wannan, bashin kuɗin jarrabawa da ya taru a kan jihar ya sa an riƙe sakamakon ɗalibai na shekaru da dama, samari da 'yan mata suka zauna gida da karatu a ka, babu takardar shaida a hannu. A watan Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, daga baya gwamnatin ta sanar da biyan wannan bashi da sakin sakamakon da aka riƙe. Mun yi murna da haka, amma shekarun da suka salwanta babu mai maido wa masu su.

Manufarmu da kawo wannan tarihi ita ce, yaran da ke zana jarrabawa a waɗannan shekaru suna ƙananan azuzuwa lokacin da duk wannan ya faru, watau tushen karatunsu ne ya sami giɓi, amma takarda ɗaya za a ba su da ɗan Legas da ɗan Anambra, a kuma auna su da mudu ɗaya. Gwamnati tana da nata alhakin, ba kuwa za mu daina tuna mata ba. Amma yaron da zai shiga ɗakin jarrabawa bana ba zai jira a gama gyaran ilimi ba. Abin da zai iya samu yau, daga gida zai same shi.

Abu na farko shi ne lokaci. Kowa ya san jarrabawar nan tana faɗowa daidai da lokacin da manomi ya fi bukatar hannu. Ana sharar gona ana kai taki lokacin JAMB, ruwan shuka yakan sauka ana tsakiyar WAEC, noman farko da maimai kuma su haɗu da NECO. A 2024 Babbar Salla ta zo ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, watau hidimar raguna da ɗinki da kasuwa ta haɗu da jarrabawa. Ba mu raina wannan bukata ba, mu ma da hatsin gonar nan aka raine mu, kuma mun san magidancin da rashin tsaro ya raba shi da gonarsa ta nesa ba shi da sararin ya yi wasa da 'yar ta kusa. Amma a yi lissafi. Shekara 12 aka yi ana sayen riga da littafi da takalmi, ana haƙuri da rashin yaro a gona da safe. Yanzu saura mako 8 ko 10 a girbe abin da aka shuka. Wane manomi ne zai yi wahalar damina duka, ranar girbi ta zo ya saki dabbobi a gonar? A raba aikin wannan yaro ga 'yan'uwansa na ɗan lokaci, a nemi gayya in da hali, shago kuma a sami mai tsaronsa. In ya zama tilas ya taimaka, a duba jadawalin jarrabawarsa tukuna, kada a tura shi gona ko aike mai nisa a jajibirin takarda mai nauyi. Muna ba da shawara a liƙa wannan jadawali a bangon zaure ko a ɗakin uwa, yadda kowa a gidan zai san ranar Lissafi da ranar Turanci kamar yadda ya san ranar kasuwa.

Nauyin da ke kan 'ya mace kuwa ya ninka na namiji. Ita ce ɗiban ruwa, ita ce wanke-wanke da surfe da hura wuta, ita ce goyon ƙane, wata kuma ga farantin talla yana jira. Mun san abokiyar karatunmu da ta fi mu duka kaifin ƙwaƙwalwa a ajinmu, wadda sai bayan ta sauke tukunyar tuwo ta kwantar da ƙannenta take buɗe littafi, barci kuwa ya sace ta a kan shafin farko. Mun san wata da aka sa ranar aurenta a tsakiyar jarrabawa, ta zana takarda 4, sauran ba ta sake leƙa makaranta ba. Ba muna ja da aure ba ne, abin alheri ne. Roƙonmu shi ne a ɗaga shi har a ajiye alƙalami, mako kaɗan ne. Iyayenmu mata su ne kan gaba wajen kokawa idan suka je asibiti ba su tarar da mace 'yar'uwarsu da za ta duba su ba. To, ungozoma da malamar jinya ba daga sama suke faɗowa ba. Kwalejin kiwon lafiya da ke Tsafe da kwalejin horon malamai mata ta fasaha da ke Gusau kiredit suke tambaya kafin su buɗe ƙofa. Karatun mata kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu jajis suke bin ƙauyuka suna karantar da 'yan taru.

Abu na biyu shi ne lafiyar jiki, watau ci da barci. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Takarda ɗaya takan ci awa 2 ko 3, wata rana a yi ta safe a yi ta yamma, ga zafin bazara a ƙarƙashin kwano. Yaron da ya fita da cikinsa wayam, kafin ya kai tambaya ta tsakiya idonsa ya fara ganin hazo. Ba muna cewa a yanka kaza ba, mun san lokacin ne rumbu yake yin ƙasa. Ɗumamen tuwo, ko koko da ƙosai, ko 'yar fura a gora da ruwan sha, sun wadatar, in dai an tabbata ya sa wani abu a bakinsa kafin ya fita. Haka kuma da ruwan farko sauro yake dawowa. Zazzaɓi ɗaya ya isa ya raba ɗalibi da takarda 3, hukumar jarrabawa kuwa ba ta ɗage rana saboda mutum ɗaya. A ɗaura masa gidan sauro, in jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti tun da wuri.

Game da barci, akwai wani kuskure da mu kanmu muka yi, iyaye kuma suka yaba mana a kai, watau raba dare ana karatu. Wani ya ci goro, wani ya sha kofi mai kauri, wani ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwa don kada ya yi gyangyaɗi, uba kuwa in ya ga fitila a kunne ƙarfe 3 na dare sai ya ce lalle yaron nan ya dage. Likitoci sun nuna cewa matashi mai waɗannan shekaru yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta da rana. Wanda ya kwana a zaune yakan shiga ɗakin jarrabawa da kai kamar ƙwarya mai yoyo. Mafi muni kuma shi ne ta wannan ƙofa ce miyagun abokai suke shigo wa yaro da ƙwaya, da sunan maganin barci ko ƙarin kuzari, jarrabawa ta wuce, shaye-shaye ya zauna. A sa ido ƙwarai. Ita ma wayar hannu a yi mata ƙa'ida: tana da amfani wajen duba tsofaffin tambayoyi, amma in ta bi yaro shimfiɗa ta cinye daren duka.

A nan ne kuma za mu amsa wa dattijon da ya ce bai yi boko ba. A 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon bincikensa, inda ya nuna cewa mutum yakan manta mafi yawan sabon abin da ya koya cikin ɗan lokaci kaɗan, sai fa in yana komawa kansa a kai a kai, da tazara a tsakani. To, wannan ai ba labari ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, ba a kuma barin na baya ba tilawa, gardi kuwa ba ya cewa ya haddace sai ya rufe ya kawo da ka a gaban wani. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace, a boko ma. Saboda haka uwar da ba ta san harafin Turanci ko ɗaya ba tana iya zaunar da 'yarta bayan sallar isha'i ta ce, "Rufe littafin, gaya mini da Hausa abin da kika karanta yau." In yarinya ta iya bayyana wa mahaifiyarta yadda tsiro yake haɗa abincinsa daga hasken rana da ruwa da iska, har uwar ta gane, to ta san shi. In ta kama inda-inda, ta gano ramin da ya kamata ta cike tun kafin mai jarrabawa ya gano shi. Mu da aka yi wa haka mun ga amfaninsa, har yau kuma ba mu manta da waɗannan darare ba.

Abu na uku shi ne takardu, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Matsalar da ta fi wahalar da mutanenmu ita ce saɓanin suna da ranar haihuwa. A takardar firamare an rubuta Muhammadu, a NIN Muhammad, a WAEC Mohammed. A wata an sa sunan uba, a wata an sa sunan gari. Mu a gida duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba, kuma ranar tantancewa a jami'a wannan ɗan harafi yana iya jawo zirga-zirga da kashe kuɗi, wani har ya rasa gurbinsa. Uba ya sa a baje masa takardun nan duka a karanta masa, ya tabbata bakinsu ɗaya tun kafin a rufe rajista. Ya je makaranta da ƙafarsa ya ga shugabanta, ya tambaya ko sunan ɗansa ya shiga, ya karɓi rasit na duk abin da ya biya ya adana. Ya kuma tambaya ko darussan da yaro ya zaɓa sun dace da abin da yake son karantawa, domin mun ga mai son aikin likita da ba a yi wa rajistar Fizis ba. Yaron ƙauye da bai taɓa taɓa kwamfuta ba kuwa, a nema masa ko kwana 3 ne a wani shagon kwamfuta a gari ya saba da ita. Ita ma WAEC ta fara amfani da kwamfuta a 2024 ga masu zana jarrabawa a ƙashin kansu.

Abu na huɗu shi ne hanya da masauki. Babu wanda ke zaune a wannan yanki da yake bukatar a yi masa bayanin halin da hanyoyinmu suka shiga. Mu kanmu ɗalibai ba mu manta da daren 22 ga Satumba 2023 ba, lokacin da aka shiga gidajen da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau suke haya a Sabon Gida, cikin ƙasar Bunguɗu, aka tafi da 'yan'uwanmu, mafi yawansu mata. Ɗalibin da zai taso daga wajen Magami ko 'Yankuzo ko Nahuce don ya zana jarrabawa a gari, bai kamata ya riƙa kai da kawowa kullum da asuba da almuru ba. Lokacin tashi daga jarrabawa ma ba shi da tabbas. A watan Mayu 2025 an ga yadda takardar Turanci ta WAEC ta yi latti a jihohi da dama har yara suka yi rubutu cikin dare da hasken tocila. Tun da wuri a nema wa yaro masauki wurin dangi ko amintaccen mutum kusa da inda zai zana, a san wanda zai raka 'ya mace ya kuma dawo da ita. Muna kira ga mutanen Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da Damba, da na cikin garin Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, wanda Allah ya hore wa ɗaki ko zaure, ya karɓi ɗan wani na 'yan makonnin nan. Kada kuma a manta da 'ya'yan waɗanda aka raba da garuruwansu, suna nan a cikinmu, su ma suna da jarrabawa.

Abu na biyar, wanda ya fi yi mana nauyin faɗa, shi ne maguɗi. Ciwon tsoho ne: a 1977 tambayoyin WAEC sun fita kafin lokaci har abin ya sami suna, a 1984 gwamnatin soja ta yi doka mai ɗaurin shekara 21, a 1999 aka sake wata doka ta musamman a kan maguɗin jarrabawa. Abin da ya sauya shi ne, a da yaro ne yake satar amsa yana ɓoye wa ubansa, yau kuwa wani uban ne da kansa yake cire ɗansa daga makarantarsa ya kai shi inda ake kirari ba a faɗuwa, ko ya biya abin da ake kira kuɗin taimako. Mun san tausayi ne yake kawo haka, da tsoron kada wahala ta tashi a banza. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Hukuma tana iya riƙe sakamako, tana iya soke na cibiya ɗungurungum, mai laifi da marar laifi su tafi tare. In ma an tsallake nan, to, mu da muke jami'a mu ne shaidu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun zauna aji ɗaya da masu A1 a Kemistiri da ba su iya daidaita lissafin sinadari mafi sauƙi ba. Shekara ɗaya, biyu, aka sallame su, suka koma gida da kunyar da ta fi ta faɗuwa WAEC, kuɗi kuma sun tafi. Wanda ya kuɓuta har ya fita, shi ne gobe zai riƙe allura a asibitin garinku, ko ya tsaya gaban allo yana koyar da jikokinku abin da bai sani ba. Uban da ya saya wa ɗansa amsa ya koya masa darasin da ya fi dukan darussa 9 zama a zuciya, watau cewa gaskiya ba ta biya. C6 na gumi ya fi A1 na saye, domin shi ana iya gini a kansa.

Abu na ƙarshe shi ne harshe. A waɗannan makonni zuciyar yaro kamar ɗanyen ƙwai take. Kalma irin su "in ka faɗi kada ka dawo mini gida," ko "dubi ɗan wane," ba sa ƙara ko maki ɗaya, sai dai su cika kai da tsoro har abin da aka sani ya gudu. In ya dawo daga takarda fuskarsa a murtuke, a ba shi ruwa da abinci, a ce masa ta wuce, a fuskanci ta gobe. Rigimar gida da za a iya dannewa a danne ta har a gama. Albarkar da uwa za ta sa wa ɗanta a bakin ƙofa da safe, da hannun da uba zai dafa masa a kafaɗa, mu mun san nauyinsu a ɗakin jarrabawa.

Ranar da sakamako ya fito kuwa, a yi hattara da saurin hukunci. A watan Agusta 2025 hukumar WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a wajen maki, ta nemi gafara, adadin ya koma kashi 62.96. A yi tunanin yara nawa aka zaga, aka kira su dakikai a cikin kwanakin nan, alhali sun ci. In ma faɗuwar ta tabbata, ba ƙarshen duniya ba ce. Ana haɗa sakamakon WAEC da na NECO, akwai jarrabawar masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara, da yawa daga cikinmu kuma sai a zama na biyu muka cika kiredit ɗinmu. Ban da jami'a akwai kwalejin fasaha ta Ƙauran Namoda da ta Talatar Mafara, da kwalejin ilimi ta Maru, akwai kuma sana'a, wadda ilimin sakandare yake ƙara mata albarka. In aka ga yaro ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, yana maganganun fid da rai, kada a ɗauka shagwaɓa ce. A jawo shi jiki, a haɗa shi da wanda yake jin maganarsa, in abin ya yi tsanani a kai shi ga likita.

Ba za mu rufe ba sai mun juyo kan kanmu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane ɗayanmu yana da ƙane ko ƙanwa ko ɗan maƙwabci da ke aji 6 na sakandare. In mun je hutu, maimakon zaman majalisa daga hantsi har la'asar, mu nemi aji ɗaya a makarantar unguwa mu riƙa bi da su tsofaffin tambayoyi kyauta, mu duba musu takardun rajista, mu karanta wa iyaye jadawali. Muna roƙon ƙungiyoyin ɗalibai na Gusau da Tsafe da Bunguɗu su mai da wannan aikinsu na kowace shekara. Muna roƙon ƙungiyoyin iyaye da malamai su riƙa tambayar hukuma tun farkon shekara ko an biya kuɗin jarrabawa, kada a sake wayar gari da abin da ya faru a 2022. Muna kuma roƙon limamai da masu unguwanni da hakimai su sa baki, domin maganarsu tana shiga inda tamu ba ta kai ba.

A ƙasar Tsafe ne 'Yandoto take, garin da masu neman ilimi suka riƙa yi wa tsinke tun kafin jihadi, daga can ne kuma Malam Sambo Ɗan Ashafa ya taso ya kafa Gusau. Waɗancan almajirai ba su zama malamai da ƙoƙarinsu kaɗai ba. Akwai uwar da ta ɗaura musu guzuri, da uban da ya yafe aikinsu a gona, da mutanen garin da suka ba su masauki da tuwon dare. Abin da muke roƙo ke nan a yi wa ƙannenmu bana. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba masu jarrabawa sa'a, ya kuma maido mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.